Hajiya ta kusa cika shekara biyar a Amurka: ta yaya za ta samu magani a ƙarƙashin Medicare?

Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ni na ɗauko mahaifiyata daga Kano, kuma a watan Yuni mai zuwa za ta cika shekara biyar da samun girin kad. Shekarunta 68, tana da ciwon suga da hawan jini. Kullum da dare tana allurar insulin, tana kuma shan metformin da amlodipine da Jardiance. Ba ta taɓa yin aiki a nan ba. Ni nake sayen maganin daga aljihuna, wani lokaci kuma mu ba da saƙo a taho mana da shi daga gida. Wasu sun ce mini tunda ba ta yi aiki ba, ba ta da rabo a Medicare. Wasu kuma sun ce tunda ta wuce 65 ba ta yi rajista ba, tara ta riga ta hau kanta. Ga shi tana son ta je gida bikin jikarta, ta yi wata bakwai ko takwas. Kuɗin ya fara fin ƙarfina, a taimaka mini da shawara.

Wata 'yar'uwa daga Bronx

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Duka maganganun biyu da aka faɗa miki ba daidai ba ne. Hajiya tana da hanyar shiga Medicare, kuma zuwa yanzu babu tarar da ta hau kanta. Abin da zai iya ɓata al'amarin shi ne tafiyar nan ta wata takwas, da kuma barin lokacin rajista ya wuce ana jiran wasiƙar da ba za ta zo ba.

Medicare inshorar lafiya ce ta gwamnatin tarayya, ta waɗanda suka kai shekara 65. Part A na kwanciya asibiti ne, Part B na ganin likita da gwaje-gwaje, Part D kuwa, wanda aka fara a Janairun 2006, shi ne na maganin da ake karɓa a kantin magani da takardar likita. Wanda ya yi aiki ya biya haraji na kimanin shekara goma, shi ko matarsa ko mijinta, Part A kyauta yake samu. Daga nan ne mutane suka ɗauko cewa wanda bai yi aiki ba ba shi da komai. Abin da doka ta ce shi ne, mai girin kad da ya kai 65, ya kuma zauna a ƙasar shekara biyar a jere, yana da ikon shiga ta hanyar biyan kuɗin wata. Aikin da ke kika yi ba ya shiga lissafinta. Da a ce mahaifinki ya yi aikin shekara goma a Amurka, to da sai a duba nasa.

Tunda sai a watan Yuni sharaɗin shekara biyar zai cika, daga nan ake ƙirga mata lokaci, ba daga ranar da ta cika 65 ba. Shekara ukun da suka wuce ba ta da ikon yin rajista, saboda haka ba a cin ta tara a kansu. Lokacin rajistar farko wata bakwai ne: wata uku kafin watan da ta cancanta, watan kansa, da wata uku bayansa. A lissafinku ke nan daga Maris zuwa Satumba. Wanda ya yi rajista a watanni ukun farko, inshorarsa tana fara aiki tun watan da ya cancanta. Wanda ya yi daga baya, sai ranar ɗaya ga watan da ke biye. Kada ki dogara da lissafina kaɗai. Ki kira ofishin Social Security a 1-800-772-1213 tun watan Fabrairu, ki nemi ranar ganawa, ki sa su faɗa miki watan da suka ɗauka a matsayin farkon cancantarta, ki rubuta shi tare da ranar da kuka yi maganar. Ranar da ke jikin katinta, inda aka rubuta Resident Since, ita za su fara dubawa. Ku tafi da girin kad ɗin, da fasfo na yanzu da tsohon da ke ɗauke da tambarin shiga da fita, da katin Social Security, da takardun da ke nuna tana zaune a adireshinki, irin su wasiƙun asibiti. Suna ba da tafinta kyauta, amma sai an nema tun lokacin da ake tsayar da ranar. Waɗanda suke karɓar fanshon Social Security ne ake aika wa kati kai tsaye ba tare da sun nema ba. Hajiya ba ta cikinsu.

Ga sauran masu karatu da iyayensu ko mazajensu ke dab da cika 65: da yawa daga cikin dattawanmu 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo a matsayin ranar haihuwa. Wanda aka haifa ranar ɗaya ga wata, Medicare tana ɗaukar ya cika shekarun tun watan da ya gabata. Mai 1 ga Janairu, Disamba ne watansa, kuma lokacin rajistarsa yana ƙarewa a ƙarshen Maris, ba Afrilu ba.

Yanzu batun kuɗi. A 2026 Part B dala 202.90 ne a wata. Part A ga wanda ba shi da tarihin aiki dala 565 ne a wata, kuma wannan adadin ne yake sa mutane su juya baya su tafi. Amma ba dole ne a sayi Part A ba kafin a samu magani. Part B kaɗai ya isa ya buɗe mata ƙofar Part D. Sai dai ban so ki tsaya a nan, domin mai ciwon suga da hawan jini a wannan shekarun bai kamata ya zauna babu inshorar kwanciya asibiti ba, kuma akwai yiwuwar ba ke za ki biya ba.

Jihar New York ta bambanta da yawancin jihohi. Tun bayan wani hukuncin babbar kotun jihar a 2001, masu girin kad marasa ƙarfi suna samun Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, da kuɗin jiha ba tare da jiran shekara biyar ba. Ma'ana, mai yiwuwa Hajiya ta cancanta tun tuni, kina ta biya daga aljihunki. Ga wanda ya haura 65, kuɗin shigarsa da na abokin aurensa ake dubawa, ba albashin 'ya'yan da yake zaune a gidansu ba. Ki nema mata yanzu ta HRA, hukumar walwalar jama'a ta birnin, kada ki jira Yuni. Idan shekara biyar ta cika, akwai kuma shirin QMB, wanda ke biya wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin wata na Part B, har da na Part A, kuma a New York ba a duba dukiyar da mutum ya ajiye a wannan shirin, kuɗin shiga kawai ake dubawa. Tunda ke kika sa hannu a takardar I-864, wadda kika ɗauki alkawarin ɗaukar nauyinta, ki zauna da lauyan shige da fice ko ofishin taimakon shari'a na kyauta kafin ki miƙa takardun, ki tambaye su abin da alkawarin yake nufi a kanki game da Medicaid. Tambaya ce ta zama ɗaya, kuma ta fi ki ji daga bakin maƙwabta.

Wanda ya samu Medicaid ko QMB tare da Medicare, kai tsaye ake saka shi a tallafin magani da ake kira Extra Help. Wanda bai samu ba yana iya nema da kansa a Social Security da fom SSA-1020. A 2025 iyakar kuɗin shiga ga mutum ɗaya dala 23,475 ce a shekara, ta ajiya kuma dala 17,600, kuma ana ɗan ɗaga su kowace shekara. Ci da sha da wurin kwanan da kike ba ta ba a lissafa su a matsayin kuɗin shigarta. Mai Extra Help ba ya biyan kuɗin farko na shekara, wato wanda mutum ke fara biya kafin inshora ta sa hannu, ba a cin sa tarar jinkiri ta Part D, kuma a 2025 abin da yake bayarwa a kanti bai wuce dala 4.90 ga magani mara tambarin kamfani ba, dala 12.15 ga mai tambari irin Jardiance. Wanda kuɗinsa ya haura wannan iyaka, jihar tana da nata shirin, EPIC, na 'yan 65 zuwa sama masu samun dala 75,000 ko ƙasa a shekara, ko 100,000 ga ma'aurata. Yana tafiya ne tare da Part D, ba ya maye gurbinsa.

Ko da a ce ba ta samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, Part D na yau ya fi na da sauƙi nesa ba kusa ba. A 2026 kuɗin farko da mutum zai biya kafin kamfanin inshorar ya sa hannu ba zai wuce dala 615 ba, wasu kamfanonin ma ba sa kai haka. Daga nan, a tsarin asali, mutum yana biyan kashi 25 cikin ɗari, har abin da ya fita daga aljihunsa ya kai dala 2,100. Da zarar ya kai nan, ba zai sake biyan ko sisi kan magungunan da ke cikin tsarinsa ba har ƙarshen Disamba. Kuɗin wata ba ya shiga wannan lissafin, haka ma maganin da aka sayo a waje da tsarin. Insulin kuwa tun 2023 an kayyade shi: dala 35 ko ƙasa ga na wata guda, ga kowane nau'in da ke cikin jerin magungunan da kamfanin ke biya, kuma kuɗin farko bai shafe shi ba. Jardiance yana cikin magunguna goma da gwamnati ta yi cinikin farashinsu da kamfanoni, sabon farashin ya fara aiki a Janairun 2026. Alluran rigakafin manya da hukuma ta amince da su kyauta ne. Idan kuɗin farkon shekara ya yi nauyi, kowane kamfani dole ne ya yarda a rarraba biyan wata-wata ba tare da ruwa ba, in an nema.

Tarar da aka tsorata ki da ita gaskiya ce, sai dai ba ta fara ba tukuna. Idan watanni bakwan nan suka wuce, mutum ya yi kwana 63 a jere ko fiye ba shi da Part D kuma ba shi da wata inshorar magani da ta kai darajarsa, ana ƙara masa kashi 1 cikin ɗari na wani ma'aunin ƙasa a kan kowane watan da ya yi a haka. Ma'aunin a 2026 dala 38.99 ne. Jinkirin wata 24 ke nan ya zama ƙarin kusan dala 9.40 kowane wata, kuma ba ya sauka muddin mutum yana cikin tsarin. Ta Part B ta fi ciwo: kashi 10 cikin ɗari a kan kowace cikakkiyar shekarar jinkiri, ga shi kuma sai an jira Janairu zuwa Maris kafin a sake samun damar shiga.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaɓen kamfani. Gwamnati ba ta raba magani da kanta. Kamfanonin inshora ne suke gudanar da Part D, kowanne da jerin magungunan da ya yarda zai biya, kuma ya kasa su mataki-mataki: na ƙasa masu araha irin metformin da amlodipine, na sama masu tsada. Doka ta ce a samu aƙalla magani biyu a kowane rukuni, ba ta ce lallai sai wanda likitan Hajiya ya rubuta ba. A insulin misali, wani kamfanin yana da Lantus, wani kuma Basaglar ko wani ɗan'uwansa kawai yake da shi. Saboda haka tsarin da ya yi wa wata Hajiyar da kuke zuwa masallaci tare daidai ba lallai ya yi wa taku ba. Ki tattara kwalaben duka a gabanki, ki shiga shafin Medicare.gov wajen kwatanta tsare-tsare, ki saka lambar unguwarku, sannan kowane magani da sunansa daidai, da ƙarfinsa, da yawan da take amfani da shi a wata, da kantin da kuke zuwa. Ki jera sakamakon bisa jimillar kuɗin shekara, wato na wata haɗe da na magani. Tsarin da kuɗin watansa ya fi araha sau da yawa shi ne ya fi tsada idan an zo kanti. Ki duba kuma ko kantin unguwarku yana cikin waɗanda kamfanin ya fifita, domin magani ɗaya, tsari ɗaya, farashinsa yana bambanta tsakanin kanti biyu da ke layi ɗaya. Idan kwamfutar ta rikita ki, ki kira HIICAP a 1-800-701-0501. Masu ba da shawara ne na jiha, kyauta suke yi, kuma ba su da kamisho a wurin kowane kamfani.

Mai Extra Help da bai zaɓa da kansa ba, gwamnati tana jefa shi cikin wani tsari ba tare da duba magungunansa ba. Idan takardar hakan ta zo, ki gwada tsarin da jerin Hajiya. In bai dace ba ki canza, domin mai wannan tallafi yana da damar sauya tsarin magani sau ɗaya a kowane wata.

A gefen sunan wasu magunguna za ki ga sharaɗi. Wani sai likita ya nemi izinin kamfani kafin a bayar. Wani sai an fara gwada mai araha an ga bai yi ba. Wani kuma an kayyade yawan da za a bayar a wata. Idan kika je kanti aka ce an ƙi, kada ki ciro kati ki biya cikakken kuɗi, kada kuma ki juyo hannu rabbana. A kwanaki 90 na farko a sabon tsari, Hajiya tana da haƙƙin a ba ta na wata guda na wucin gadi na maganin da ta riga take sha, ko da ba ya cikin jerin. Wannan watan shi ne lokacin da likita zai canza mata zuwa wanda ke cikin jerin, ko ya rubuta wa kamfanin dalilin da ya sa wannan ɗin ne ya dace da ita. Daga lokacin da bayanin likita ya isa, kamfanin yana da awa 72 ya ba da amsa, ko awa 24 idan likita ya ce jinkiri zai cutar da ita. In sun ƙi, ana ɗaukaka ƙara, kuma kada ki bari ya wuce kwana 65 daga ranar da ke kan wasiƙar. Mutane da yawa suna karɓar na wucin gadin, su ɗauka magana ta ƙare, sai wata na biyu su tarar da ƙofa a rufe.

Kayan ciwon suga an raba su gida biyu, kuma wannan yana rikita har ma'aikatan kanti. Insulin na allura, da sirinji, da kan alƙalamin allura, da audugar goge fata suna Part D. Na'urar awon suga da tsinkayen gwajinta da abin huda yatsa suna Part B. Idan aka ƙi biyan tsinkayen gwaji, yawanci an tura su ɓangaren da ba nasu ba ne, sai ki miƙa jan-fari-shuɗin katin Medicare maimakon na kamfani. Maganin da ake saye ba takardar likita, da yawancin bitamin, da maganin tari da mura, ba sa cikin Part D.

Da zarar sunanta ya shiga, waya da wasiƙu za su yi yawa, ana tallar Medicare Advantage, wato tsarin da kamfanin inshora ke haɗa asibiti da likita, galibi har da magani, wuri ɗaya, da alkawarin katin cefane. Wannan tsarin sai mai Part A da Part B duka, kuma yana ɗaure mutum ga likitoci da asibitocin da ke cikin kamfanin. Yana yi wa wasu kyau, amma kada a shiga sai an tabbatar likitan sugarta yana ciki kuma magungunanta huɗu suna jerinsu. Ki faɗa wa Hajiya kada ta karanta wa kowa lambar katinta a waya. Kowace shekara kuma, kafin ƙarshen Satumba, kamfani yana aiko da takardar canje-canjen shekara mai zuwa. Ki karanta ta, domin magani yana iya fita daga jeri ko ya hau mataki. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake canza tsari, sabon ya fara 1 ga Janairu.

Sai tafiya gida. Na san bikin jika ba abin da za a ce wa kaka ta haƙura da shi ba ne, amma wata bakwai ko takwas ya yi yawa, musamman kafin Yuni. Sharaɗin shi ne zama a jere. Gajeriyar ziyara ba ta karya shi, amma rashin da ya haura wata shida yana iya sa a ce zaman ya yanke, ƙirga ta koma baya. Haka nan a filin jirgi, mai girin kad da ya yi fiye da kwana 180 a waje ana iya yi masa tambayoyin sabon shigowa, wanda ya kai shekara kuwa katin kansa yana cikin haɗari. Shawarata ita ce ta je ta yi wata biyu ko uku, kuma in da hali a tsara tafiyar bayan rajista ta kammala, katunan sun zo hannu. Idan tana kan Medicaid ko QMB, ki tambayi ofishin tsawon da za ta iya yi a waje kafin ku sayi tikiti, tunda waɗannan sun rataya ne a kan zama a jihar. In ku kuke biyan kuɗin wata, a ci gaba da biya tana can. Kamfanin Part D yana iya cire mutum bayan wata biyu na rashin biya.

Part D ba ya biyan maganin da aka saya a wajen Amurka, ko da an kawo rasit. Mako biyu ko uku kafin tafiya, ki sa likita ya rubuta na kwana 90, ki kuma ce wa mai kanti ya nemi izinin bayarwa da wuri saboda tafiya. Insulin a jakar hannu ake riƙe shi tare da takardar likita, domin a ɗakin kayan jirgi yana iya daskarewa, kuma wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi, irin su Lantus, yana yin kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma kin san Kano a watan Afrilu ta fi haka ko a cikin ɗaki. A tanadi ƙaramar kula da ƙanƙara saboda ɗauke wuta, a naɗe maganin da tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar. Wannan dalilin ne ya sa nake roƙonki ki daina karɓar insulin ta hannun matafiya, domin ba ki san awa nawa ya yi a rana ko a cikin akwati ba. Ƙwayoyin da suka rage na gida kuwa, ki kai wa likitanta su a cikin kwalayensu ya ga ƙarfin kowanne, tare da duk wani jiƙo ko garin magani da take sha, kafin ya rubuta takardar da za ki kai wa sabon kamfanin.